Kafin Wuƙa Ta Taɓa Fatar Ido: Yadda Ake Tantance Masu Ciwon Gira

Gabatarwa

A ƙauyukan ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran sassan gabashin Jihar Kano da maƙwabciyarta Jigawa, akan tarar da dattijai, musamman mata, waɗanda ba sa rabuwa da matsefata. Da ita ake tsige musu gashin ido da ya juya ciki yana sukar ƙwayar idon. Bayan 'yan makonni gashin ya sake tsirowa, a sake tsigewa, haka nan shekara da shekaru. Wannan larura ita ce ake kira ciwon gira, kuma ita ce matakin ƙarshe na cutar amosanin ido kafin makanta.

Akwai maganinta. Wata 'yar ƙaramar tiyata ce da ake yi wa fatar ido ta sama, wadda ba ta wuce minti 15 zuwa 20 ga kowace fata, ba ta bukatar a sa mutum barci, kuma ma'aikacin jinya da ya sami horo na musamman yana iya yin ta a asibitin karkara. Sauƙin aikin ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa duk wanda gashi ke sukar idonsa sai kawai ya kwanta a yanka. Al'amarin ya fi haka zurfi. Nasarar aikin ko rashinta tana farawa ne daga binciken da aka yi wa majinyaci kafin a ɗauko wuƙa. A nan ne ake gane wanda aikin zai amfana, da wanda zai cutar, da wanda ya kamata a tura babban asibiti. Wannan maƙala za ta bi matakan wannan bincike ɗaya bayan ɗaya, tare da dalilin kowane mataki.

Yadda cutar ke lanƙwasa fatar ido

Fatar ido ta sama tana da ɓangare biyu a haɗe. Ɓangaren waje ya ƙunshi fata da tsokar da ke rufe ido. Ɓangaren ciki kuwa yana da wani ɗan faifai mai tauri kamar guringuntsi, tsayinsa kimanin milimita 10, wanda shi ke ba fatar siffarta. An lulluɓe bayan faifan da wani tantani mai laushi da danshi wanda ke zamewa a kan ƙwayar ido duk lokacin da mutum ya ƙyafta. Gashin ido yana tsirowa ne a bakin fatar, yana fuskantar waje.

Cutar amosanin ido kuwa wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo ta, mai suna Chlamydia trachomatis. Tsohuwar cuta ce ƙwarai, domin wani kundin magani na Misirawan dā da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin Miladiyya ya ambaci maganin gashin ido mai juyawa ciki. Amma sai a 1957 ne wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Tang Feifan da abokan aikinsa suka yi nasarar ware ƙwayar a birnin Beijin. Tana yaɗuwa ne ta kwantsa da majina, ta hannu, ta tsumma ko bakin zanen da aka share wa yaro fuska da shi aka share wa wani, da kuma ta ƙudan da ke bin ido, waɗanda ke hayayyafa a bayan gidan da aka yi a fili.

Ƙananan yara su ne matattarar cutar. Kamuwa sau ɗaya ba ta barin wata illa mai ɗorewa. Amma idan yaro ya yi ta kamuwa yana warkewa shekara bayan shekara, kowane kumburi yana barin ɗan tabo a tantanin cikin fatar. Halin tabo shi ne tsukewa. Yayin da mutum ke manyanta, tabon yana jan faifan nan yana lanƙwasa shi, kamar yadda ƙirgi ke kanannaɗewa idan ya bushe a rana, har bakin fatar ya juya ciki tare da gashinsa. Mutum yana ƙyafta ido kimanin sau 15 a minti ɗaya, kuma kowace ƙyaftawa tana nufin gashin ya karci gilashin ido, wato garau ɗin tantanin nan da ke saman baƙin ido wanda haske ke ratsawa. Daga karta sai gyambo, daga gyambo sai farin tabo, daga nan sai gani ya dushe. Ciwon gira ya fi kama mata da kusan ninki biyu na maza, kuma babban dalili shi ne su ke ɗawainiyar yara, suna ta sake kamuwa daga gare su.

Girman matsalar a Jihar Kano

A 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani sauƙaƙƙen tsari mai alamomi biyar na gane cutar, domin ma'aikacin lafiya na karkara ya iya amfani da shi: ƙananan ƙuraje a cikin fata, kumburi mai tsanani, tabo, gashi mai taɓa ido, sai kuma farin tabo a gilashin ido. A 1993 hukumar ta amince da dabara mai rassa huɗu da ake kira SAFE, wato tiyata, maganin kashe ƙwayar cuta, wanke fuska da tsabtace muhalli. Ta kuma kafa ma'auni: ba za a ce ƙasa ta rabu da cutar ba sai masu ciwon gira da hukumomin lafiya ba su san da su ba sun gaza mutum 2 cikin kowane 1,000 na masu shekara 15 zuwa sama, sannan yara 'yan shekara 1 zuwa 9 masu alamar farko sun gaza kashi 5 cikin ɗari. Ghana ta cimma wannan a 2018, Gambiya a 2021, Togo a 2022, Benin da Mali kuma a 2023.

Tsakanin 2012 da 2016 an gudanar da wani gagarumin aikin ƙididdige cutar a ƙasashe 29, inda aka duba idon mutum miliyan 2.6. A ƙarƙashin wannan aiki an bi ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano ɗaya bayan ɗaya, har da Gaya da Ajingi. Abin da binciken ya nuna a wancan lokaci shi ne cutar ta yi sauƙi a tsakanin yara a akasarin jihar, amma yawan manya masu ciwon gira ya zarce ma'auni a mafi yawan ƙananan hukumomin. Ma'anar wannan a fili take: ko da yaran yau sun tsira, iyayensu da kakanninsu suna ɗauke da tabon cutar da suka yi fama da ita shekaru talatin ko arba'in da suka shuɗe, kuma babu ƙwayar magani da ke miƙe fatar da ta riga ta lanƙwashe. Wannan ne ya sa ake fita ƙauyuka neman masu larurar, a tara su a cibiya guda don yi musu aiki. A irin wannan taro, inda jama'a ke da yawa lokaci kuma ya yi kaɗan, tantancewa ita ce abin da aka fi saurin yi wa riƙon sakainar kashi.

Mataki na farko: sauraron majinyaci

Bincike yana farawa da tambaya. Tun yaushe ake jin sukar? Ido ɗaya ne ko duka biyu? Akwai zubar hawaye ko ƙin haske? Sannan tambayar da ba a tsallakewa: ana tsige gashin, kuma yaushe aka tsige na ƙarshe? Dalilin wannan tambaya shi ne mace tana iya zuwa ranar da aka yi mata tsiga da safe, idonta ya bayyana kamar lafiya lau, a sallame ta, alhali bayan makonni huɗu zuwa shida gashin zai dawo. Saboda haka ne ma'anar ciwon gira a hukumance ta haɗa da wanda aka ga shaidar tsigewa a fatarsa ta sama, ko da ba a ga gashi ɗaya yana taɓa ido ba.

Ana kuma tambaya ko an taɓa yi wa fatar aiki a baya, a asibiti ko a wajen masu maganin gargajiya. Fatar da aka taɓa yanka ta riga ta gajarce, tabonta kuma ya ninka, don haka sake yi mata aiki irin na farko yana iya barin ido a buɗe. Haka nan ana neman labarin ƙuna, ko watsuwar wani abu mai guba a ido, ko wata rashin lafiya da ta sa fata da leɓe suka saɓule bayan shan magani, domin duk waɗannan suna barin tabo mai kama da na amosanin ido.

Mataki na biyu: duba ido

Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske sosai, tabarau mai ƙara girman abu sau biyu da rabi, da hannu mai tsabta. Ana duba kowane ido daban, a kuma rubuta abin da aka gani daban.

Da farko majinyaci yana kallon gaba sosai, mai duba kuma yana haska bakin fatar daga ƙasa da kuma daga gefe, domin siririn gashi mara launi ba ya ganuwa daga gaba. Ana ƙirga gashin da ke taɓa ido. Masu bincike sun saba kiran biyar zuwa ƙasa ƙaramar gira, shida zuwa sama kuma babba. Wurin da gashin yake ya fi yawansa muhimmanci: gashi ɗaya a tsakiya da ke kartar gilashin ido ya fi haɗari bisa uku a kusurwa da ke taɓa farin ido kawai. Ana lura da ramukan gashi da ba kowa a ciki da kuma guntayen da suka karye, waɗanda su ne shaidar tsiga. Guntun gashi ya fi dogo illa, don kuwa tsininsa kamar na ƙaya yake.

Na biyu, ana duba bakin fatar kanta. Shin ta juya ciki, ko kuwa tana zaune daidai gashin ne kawai ya tsiro a karkace? Wannan bambanci shi ke nuna irin maganin da ya dace, domin tiyatar gira aikinta juyo da bakin fata waje ne. Idan fatar ba ta juya ba, juyo da ita na iya haifar da muni ba tare da wata fa'ida ba.

Na uku, ana kifar da fatar a ga cikinta. Majinyaci ya kalli ƙasa, mai duba ya kama gashin, ya danna saman faifan, ya juyo shi. Fararen layuka ko zare-zare a cikin jan tantanin su ne tabon amosanin ido. Rashin ganinsu alama ce ta a nemi wani dalilin.

Na huɗu, ana cewa majinyaci ya rufe ido a hankali kamar mai barci, ba da matsewa ba, sai a haska daga ƙasa a ga ko akwai 'yar kafa tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Wannan gwaji na daƙiƙa biyar yana cikin mafi muhimmanci. Idon da ba ya rufuwa sosai yana bushewa da dare, gilashinsa ya yi gyambo. Tsohon tabo na iya jawo haka, kuturta ma na iya jawowa, haka nan shanyewar jijiyar fuska. Idan aka yi wa irin wannan fata aikin gira na yau da kullum, kafar tana iya ƙaruwa, a magance suka a jawo bushewa. Irin wannan majinyaci na likitan ido ne.

Na biyar, ana duba gilashin ido. Idan akwai sabon gyambo, wanda ake tabbatarwa da ɗiga wani rini mai ruwan ɗorawa da ke maƙalewa a inda ya karce, wannan larura ce ta gaggawa: a tsige gashin da ke sukar wurin nan take, a fara magani, a kuma gaggauta sa likita ya gani. Idan kuwa tsohon farin tabo ne, ana rubuta girmansa da ko ya rufe tsakiyar baƙin ido.

Na ƙarshe, ana auna gani. Ga wanda bai yi karatun boko ba akwai allo mai alama irin ta cokali mai yatsu uku, ana rataye shi nisan mita 6, majinyaci yana nuna inda yatsun suka fuskanta. Wanda idonsa mafi kyau ba ya iya ganin alama mafi girma ko daga nisan mita 3, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya makaho ne. Auna gani kafin aiki yana kare majinyaci da ma'aikaci baki ɗaya. Sau da yawa rashin ganin dattijo daga yanar ido yake, ko hawan jinin ido, waɗanda aikin fata ba ya taɓa su. In ba a gano haka tun farko ba, bayan aiki za a ce tiyata ba ta yi amfani ba, ko ma a ce ita ta kashe idon.

Waɗanda ake turawa gaba

Ba kowane gashi mai shiga ido ne na amosanin ido ba. A 2018 an gyara ma'anar ciwon gira ta koma ga fatar sama kaɗai, saboda juyawar fatar ƙasa galibi ta tsufa ce, inda tsoka da jijiyoyi suka saki, kuma aikinta daban ne. Saboda haka ma'aikacin karkara yana tura masu matsalar fatar ƙasa, da waɗanda idonsu ba ya rufuwa, da waɗanda girarsu ta dawo bayan aiki, zuwa ga wanda ya fi shi ƙwarewa. Yara ma haka, domin yaro ba zai kwanta shiru a yi masa aiki ido biyu ba, sai an sa shi barci, wannan kuwa sai asibiti mai kayan aiki.

Ƙari ko gyambo a fatar ido shi ma abin lura ne. Hazbiya takan warke cikin kwanaki. Amma ƙullutun da ya daɗe, yana girma, yana zubar da jini ko ya zubar da gashin da ke kansa, ana zargin ciwon daji ne har sai gwaji ya wanke shi, musamman ga zabiya waɗanda rana ke yi wa fatarsu illa. Fatar da ta sauko ta rufe ido kuwa, idan abin ya zo farat ɗaya tare da ganin abu biyu-biyu ko ciwon kai, matsalar tana iya kasancewa a jijiya ko ƙwaƙwalwa. Mutanen Gaya da Ajingi suna da inda za a tura su a birnin Kano: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, Asibitin Ido na ECWA wanda aka buɗe tun 1943, da Asibitin Ido na Makka.

Mataki na uku: lafiyar sauran jiki

Fatar ido cike take da ƙananan hanyoyin jini. Wannan ne ke sa ta saurin warkewa, shi ne kuma ke sa ta zubar da jini. Don haka ana auna hawan jini. Idan ya hau sosai ana ɗage aikin har ya sauka. Ana tambaya game da magungunan da ke tsinka jini irin su asfirin da warfarin, da ko mutum yakan daɗe yana zubar da jini bayan kaciya, ƙaho, cire haƙori ko haihuwa. Majinyaci ba ya dakatar da irin waɗannan magunguna da kansa, sai da shawarar likitan da ya rubuta su. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, rauninsa yana jinkirin warkewa kuma yana saurin ruɓewa. Ana tambaya ko allurar kashe zafi ta taɓa yi wa mutum illa, tun da da ita ake aikin. Idan akwai ruwan mugunya a ido ko ƙuraje a fatar, sai an yi maganinsu tukuna. A ƙarshe ana tabbatar da cewa majinyaci zai iya kwanciya rigingine ba motsi na kusan rabin sa'a, abin da ke yi wa mai tari mai tsanani ko haki wuya.

Aiki ko tsiga?

Bayan an tattara waɗannan bayanai sai yanke shawara. Duk wanda bakin fatarsa ya juya ciki, ko gashi ke taɓa gilashin idonsa, aiki ake ba shi shawara. Hanyoyi biyu aka fi bi. A ɗaya ana tsaga fatar gaba ɗaya kimanin milimita 3 daga bakinta, a ɗaya kuma ana tsaga faifan ne kawai daga ciki; a duka biyun ana ɗinkewa yadda bakin zai fuskanci waje. Wani gwaji da aka yi wa mutum 1,000 a Habasha, aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa bayan shekara guda gira ta dawo wa kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka tsaga daga ciki, da kashi 22 na waɗanda aka tsaga gaba ɗaya. Darasin da ke ciki ga mai tantancewa shi ne ko a hannun ƙwararru ciwon yana iya dawowa, kuma ya fi dawowa ga waɗanda girarsu ta riga ta yi tsanani kafin aiki. Jinkiri yana rage nasara.

Ga mai gashi kaɗan a kusurwa wanda fatarsa ba ta juya ba, ko wanda ya ƙi aiki, tsiga tana da gurbi. Wani gwaji na mutum 1,300 masu ƙaramar gira, shi ma a Habasha, wanda aka buga a 2011, ya gano cewa tiyata ta fi hana gashi taɓa ido, amma ta fuskar gani da lafiyar gilashin ido bambancin bai taka kara ya karya ba cikin shekaru biyu. Sharaɗin shi ne matsefata mai kyau, da wani mai ido a gida da aka koya wa tsigewa daga tushe ba tare da karyawa ba, da kuma dawowa asibiti idan abin ya ƙaru.

Mataki na ƙarshe: bayani da amincewa

Tantancewa ba ta cika sai majinyaci ya fahimci abin da za a yi masa cikin harshen da yake ji. Dole a gaya masa cewa fata za a yi wa aiki, ba za a taɓa ƙwayar ido ba, domin tsoron a cire ido yana hana mutane da yawa zuwa. Dole a gaya masa cewa aikin zai kawar da suka ya kuma kare ganin da ya rage, wani lokaci ma gani ya ɗan ƙaru, amma ba zai goge farin tabon da ya riga ya zauna ba. A gaya masa cewa za a rufe idon da bandeji kwana ɗaya, saboda haka wanda za a yi wa ido biyu yana bukatar ɗan rakiya. A gaya masa ranakun dawowa: washegari, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu don duba rauni da cire zare idan irin wanda ake cirewa ne, sai kuma bayan wata uku zuwa shida. Akan ba da maganin azithromycin bayan aiki, wanda wani gwaji a Habasha ya nuna yana rage dawowar ciwon.

A ƙasar noma irin Gaya da Ajingi, lokaci ma yana cikin lissafi. Manomi ba zai so a rufe masa ido ana tsakiyar noman gero da gyaɗa ba, matar aure kuma takan bukaci yardar maigida da wadda za ta riƙe mata girki na 'yan kwanaki. Ma'aikacin da ya tattauna waɗannan da iyali tun kafin ranar aiki ya fi samun majinyacinsa ya zo, ya kuma dawo ranar cire zare. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa binciken da ke gaban aikin gira bai bukaci na'ura mai tsada ba. Tocila, tabarau, allon auna gani, ma'aunin hawan jini da 'yan mintoci na natsuwa sun wadatar. Da su ake raba majinyata gida huɗu: wanda za a yi wa aiki yau, wanda za a jinkirta har a daidaita jininsa ko sukarinsa, wanda tsiga za ta riƙe, da wanda za a tura birni. Kowane kuskure a wannan rabo yana da farashi. Dattijuwar da aka sallama don an yi mata tsiga da safe tana iya dawowa bayan shekara biyu da farin tabo, wanda kuma aka yi wa aikin da bai dace da shi ba zai koma ƙauye da labarin da zai hana maƙwabtansa goma zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da amosanin ido a matsayin matsalar lafiyar al'umma. Abin da ya rataya a wuyan iyalai shi ne duk wanda ake tsige wa gashin ido a gida, ko da guda ɗaya ne, a kai shi a duba tun gilashin idonsa yana garau.